Rowar Bazazzage Ta Samu Digiri

Bawana na bayan Ƙofar Doka, ina gajiyar baƙi? Ni dai na iso Kano lafiya, amma sai da na tsaya a Tashar Yari na sayi rake da ƙuli-ƙuli na cike ramin da kwana biyu a gidanka suka haƙa mini a ciki. Da na shiga gida uwargida ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Alhaji, suna ka je ko jinya?" Na ce mata Zariya na je. Ta ce, "Af, to ai sai ka faɗa tun farko." Ta tashi ta ɗora tukunya.

Shekara talatin da ɗoriya muna tare, tun muna ɗaki ɗaya a makarantar kwana, lokacin da kake kulle gwangwanin madara a akwati ka rataya mukulli a wuya kamar laya. Saboda haka rowarka ba baƙuwata ba ce. Abin da ya zo mini sabo a wannan zuwan shi ne na tarar rowar ta yi karatu. Da can in ka hana mutum abu sunkuyar da kai kake yi, ka ce wata ya yi nisa. Yanzu kuwa sai ka gyara zaman tabarau, ka yi gyaran murya, ka ce duniya kake ceto.

Ka tuna daren farko? Mun dawo daga isha'i ke nan aka kawo wuta, yaran unguwa suka ɗauki ihu. Ni na miƙe ƙafa ina jiran a kunna komai a sha iska, sai na ga ka bi ɗaki-ɗaki kana kashe ƙwai kamar mai farautar kunama. Ƙwai ɗaya tak ka bar mana a zaure, shi ma ɗan fari ƙanƙane. Na ce, "Malam, makoki ake?" Sai ka zaunar da ni ka buɗe aji. Wai duk abin da aka ƙona, fetur ne, gawayi ne, gas ɗin da tashoshin wutar ƙasar nan ke sha ne, yana sakin iskar kabon. Ita kuma ta hau sama ta taru ta zama bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita. Wai mun lulluɓa wa duniya bargo a tsakiyar bazara. Na ce to ai ni ma ka lulluɓa mini duhu a tsakiyar wuta.

Aka kawo faten tsaki. Na sa cokali na yi ta lalube, gabas da yamma, ko inuwar nama ban gani ba. Ka ce ai saniya tana gyatsa, gyatsarta tana fitar da iskar metan, kuma a cikin abincin da ɗan Adam ke ci babu wanda ya kai naman sa ɗora wa sama kaya. Malam, ka ji tsoron Allah. Gidan da rabonsa da tsoka tun layya, shi ne zai yi wa Turawa tayin ƙauracewa nama? Mai azumin dole ba ya neman lada a wurin liman. Da safe aka kawo ɗumamen tuwon shekaranjiya, ka ce zubar da abinci zunubi ne a sama da ƙasa. Ruwan wanka kuwa rabin bokiti aka ba ni, har da gargaɗin in ajiye na ɗauraya don a ba bishiyar zogale.

Na hau hanya da niyyar in na iso in tona maka asiri a wannan fili. Kuskuren da na yi shi ne na ba 'yata labari, wadda ke karatun kimiyya, ina dariya. Ba ta taya ni ba. Ta ɗauko biro ta ce, "Baba, bari mu gwada lissafin Baffan Zariya." Wallahi ban taɓa jin haushin ilimin 'ya mace ba sai ranar.

Ta fara da motata, wadda ka yi ta yi mini gori a kanta, wai na taho ni kaɗai a mota mai kujera bakwai kamar gawar sarki. Tsakanin Kano da Zariya kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. Motar ta sha wajen lita 30. Kowace litar fetur in ta ƙone tana sakin kabon da ya kai kilo 2.3. Ke nan don in je in ci faten da babu nama na watsa wa sama kilo kusan 70, nauyin babban mutum guda, ko in ce nauyin Zazzagawa biyu. Da motar haya na bi, da an raba laifin gida goma. Ta koma kan ƙwai: tsohon nan mai zafi da ke ƙona yatsa yana cin wat 60, ɗan farin naka yana ba da kusan hasken da wat 9. Ta zo kan ɗumame, inda na ɗauka nan ne zan kama ka. Ashe hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta tun 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya ba ya shiga cikin kowa. An kuma ce wannan asara ita kaɗai tana da alhakin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Tuwon da aka zubar a bola ruɓewa yake ya fitar da metan ɗin nan dai, wadda a cikin shekara ashirin ɗin farko ta ninka kabon riƙe zafi wajen sau 80. Ga takin zamanin da aka zuba wa masarar, ga man motar da ta ɗauko ta, ga itacen da aka dafa ta, duk sun tafi a banza. Wato dai ƙanzon da kake kankarewa har tukunya ta yi kuka, ashe aikin ceto kake yi.

Na ce mata ta rufe littafin, dare ya yi.

To na yarda, bawana, ka ci wannan zagayen. Amma kafin ka aika a yi maka sabon rawani, zauna mu yi maganar girman ladan. Ɗan Najeriya, in aka raba kabon ɗin ƙasar kan kowa, bai kai tan ɗaya a shekara ba. Ba'amurke yana sakin wajen tan 14. Afirka gaba ɗayanta, da mutanenta sama da biliyan ɗaya, ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan sha'ani tsuntsun yana cikin ɗaki mai sanyi, kajin maƙwabta ake duka. Mu muka ga ambaliyar 2022 da ta ci mutum sama da 600, ta shafe gonaki a Jigawa. Mu muka yi azumin 2024 a cikin tanda, lokacin da ma'aunin zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na Mali. A Satumbar shekarar ne madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri har tsakar gida. Shugabanni sun taru a Faris a 2015 sun ƙulla yarjejeniya, Buhari ya je Gilasgo a 2021 ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 abin da Najeriya ke fitarwa ba zai fi abin da take shanyewa ba, ga kuma gas can yana ci bal-bal dare da rana a rijiyoyin man Neja Delta. Duk wannan ba ƙwanka ɗaya na zaure ne zai gyara shi ba. Kuma kada ka manta da wanda ya musuluntar da kai. Kekenka ya shekara goma a rataye a rumbu, gizo-gizo ya yi masa lefe. Ba ka sauko da shi ba sai bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kama hanyar dubu. Gidan mai ne malaminka, ba taron Faris ba.

Yanzu sai mu shiga inda ba ka so in shiga, wato madafi.

Ran suna da asuba na zaga neman ruwan alwala, na ga hayaƙi na tashi ta bayan gida kamar an sa wa rumbu wuta. Na leƙa. Matarmu ce durƙushe gaban murhun duwatsu uku, tana hura ɗanyen itace, ido ya yi ja kamar gauta, ga jikarka goye a baya tana tari. Na gaishe ta, ta amsa da muryar da sai na matsa na ji. Da na yi maka magana ka ce, da harshenku mai daɗi, "Ai Hajiya ya saba." Ku dai Allah ya shirye ku. Kun naɗa mace sarauniya, ta yi yaƙi ta gina ganuwa, amma har yau kun kasa ce wa mace "ta". To Hajiya bai saba ba, Malam, huhu ba ya sabo da hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma ka san su wa ke zama kusa da murhu. Wannan ba sai an jira 2060 ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, marowaci irinka ya zauna ana yi masa sata a gabansa. Murhun duwatsu uku ɓarawo ne: cikin zafin da itace ke bayarwa, abin da ke shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, sauran yana dafa iska ne da ƙafar mai girki. Ka sayi itacen naira ɗari, ka ci na sha biyar. Baƙin da ke manne wa bango da silin, wanda ya tsere sama ma zafin rana yake kamawa. Na san amsarka, za ka ce ai ranar da babu baƙi da gawayi ake yi a kurfoti. Gawayi kuwa itace ne da aka riga aka ci rabin ransa a daji: kafin a samu kilo ɗaya a irin ramin da ake binnewa a ƙauye, an ƙona itace kilo biyar ko fiye. Buhunan nan da ake jerawa a bakin titi tun daga Kaduna, kowanne kabarin bishiya ne, kirya ce ko marke ko kaɗanya.

Ban ce gas waliyyi ba ne. Shi ma daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo shi, shi ma yana sakin kabon, kuma cika babbar tukunya ya haura naira 10,000 tun tuni, abin da ya mayar da gidaje da yawa kan gawayi suna ji suna gani. Amma wutarsa tana tafiya inda aka aike ta, ba ta cika ɗaki da baƙi, ba a sare mata kaɗanya. In kuma hannunka ba zai iya shiga aljihu har can ba, akwai murhun nan mai rufaffen ciki da maƙera da magina ke yi, wanda ke tattara wuta a gindin tukunya ya rage itace sosai. Sauran dabarun kuwa Hajiya ta fi ka saninsu, lokaci ne ba ka ba ta ba: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya da murfi, a shanya itace ya bushe, a sauke shinkafa in ta tafaso a naɗe ta a tsumma ta ƙarasa da zafinta. Na lura da tsarin tauhidinka, bawana. Duk abin da za a kashe, ko a rage, ko a hana, ka haddace shi har da lambar shafi. Duk abin da za a saya, sai kunnenka ya toshe. A daidai bakin aljihunka kimiyya take tsayawa ta cire takalmi.

Da la'asar kuma na kama ka da ashana a bayan katanga. Ka tara sharar suna, ledar ruwa, robobin lemo, ɓawon albasa, ganyen darbejiya, ka cinna musu wuta, baƙin hayaƙi ya bi ta kan gidan maƙwabci, kana tsaye da sanda kana juyawa kamar mai gasa tsire. Mutumin da ya hana ni fanka jiya! Zo Kano a koya maka. Mu tun kakanni ba mu san wani abu shara ba, sai dai kayan da ba su haɗu da mai saye ba. Da can jakuna suna shigowa birni da itace da kara, su fita da mangalar taki, toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, a kai gona. Da haka gonakin kewayen Kano suka yi ɗaruruwan shekaru ana noma su ba hutu. Yau ma ɗan jari-bola yana bin layi da buhu, tsohon silifa da fasasshen bokiti su koma sabuwar roba, gwangwani ya koma fitila ko tukunya. Ku kuna rubuta takarda a kan abin, mu muna cin riba. Ɓawon albasar da ganyen, da ka haƙa rami ka zuba ka rufe da ƙasa, da damina ta yi zogalenka ya yi maka godiya fiye da ruwan wankana.

Ko firjin da kake alfaharin ba ka kunnawa, mun riga ka. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma. Ruwa yana tsotsewa yana tafiya da zafi, tumatir da gauta su yi kwanaki ba su yi yaushi ba. Har kyautar Rolex aka ba shi a 2000. Kada ka ce ba Bakano ba ne, kafin 1991 Jigawa ɗaki ce a gidanmu.

Akwai abu ɗaya da na so in bar kaza cikin gashinta, amma zufar da na yi a ɗakin baƙinka ba za ta bari ba. Ina soron kakanka? Wanda muke kwana a ciki lokacin hutu, bango kamu biyu, rufin azara, da rana tsaka ka shiga kamar ka shiga randa? Ka rushe shi ka yi bulo da kwano da taga kamar ta kurkuku, don kada a ce malamin makaranta yana gidan ƙasa. Yanzu ƙarfe biyu na rana ɗakin yana iya gasa gurasa. Siminti shi kaɗai yana da alhakin wajen kashi 8 cikin ɗari na kabon ɗin duniya, sannan gidan da aka yi da shi sai an saya masa iska. Kuma a ce Bazazzage ne ya yi haka, ɗan garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'arku da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, masana gini na ƙasashen waje suna zuwa suna ɗaga kai suna riƙe baki. Har mangwaron tsakar gida ka sare, wai yana zubar da ganye. Je ka Maraɗi da Damagaram ka ga manoman da suka daina tumɓuke kututture tun wajajen 1980 da ɗoriya, suna barin tohon gawo da kalgo ya tashi a cikin gona suna yi masa aski. An ƙiyasta bishiya wajen miliyan 200 suka dawo da ita, ba tare da sun sayi ko dashe ɗaya ba. Ka ga aikin da ya dace da kai ke nan, kyauta ne.

Na san za ka rama, don haka bari in riga ka. Ƙaramin janaretona yana kwana yana waƙa don in kalli ƙwallo. Bikin 'yar ƙanwata an dafa shinkafar da ta ishi unguwa uku, washegari almajirai ma suka ƙoshi suka bar saura, aka kwashe a baro. Masallacin da ke bayan layinmu da mota nake zuwa, saboda Bakano ba ya so a ga ƙura a takalminsa. Tun daren lissafin nan 'yar tawa ta kafa mini doka a gida, ta canza ƙwai tara, ta ɓoye mukullin mota ranar Juma'a, yanzu kuma ta kawo mini mai haɗa sola ya auna rufi ya bar mini takardar kuɗi da na karanta sau biyu ina salati. Ka ga abin da zuwa Zariya ya jawo mini. Ka lalata mini yarinya daga nesa.

Sai maganar bashi. Duk shekara kana bugun ƙirji kai ne ubangida, amma da watan cika-ciki ya kama, ranar da ubangida ke ba bawa kuɗin shara, sai ka kashe waya, in an same ka ka ce ai kai bawa ne tun kaka da kakanni. Na ƙirga, shekara goma sha ɗaya ke nan kana wannan sauyin sheƙa. To na karɓi girman, tunda dama nawa ne. Na tara kuɗin sharar da zan ba ka, na cika, na saya wa Hajiya ƙaramar tukunyar gas da kanta, a cike. Na ba wani direban Zariya a tashar Unguwa Uku, zai iso ranar Asabar bayan azahar. A hannunta na ce ya danƙa, don na san in ta biyo ta hannunka za a ajiye ta a ƙarƙashin gado sai an yi baƙi daga Abuja. Kuɗin mota kuwa na ce masa maigidan zai biya. Ya tambaye ni ko Bazazzage ne, na ce e, ya ce to sai dai in ba shi rabi tun yanzu.